Fitilar Umair Ba Ta Ƙone Ba

Ƙofar Kuyambana,
Birnin Zariya.

Zuwa ga 'yata Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ya yi wa aikinki na asibiti a Jidda albarka. Ni ina nan da sauƙi, sai gwiwoyi da kika sani. Yayanki Sadiƙu ya leƙo daga Abuja da Sallah, ya kwana ɗaya. Na rubuto ne ta hannun Hajiya Batul da za ta zo Umara, domin sau biyu ina ɗaukar waya in faɗa miki wannan magana, bakina ya ƙi.

Maganar fitilar nan ce mai jan haske da kika aiko wa ɗanki Umair, wadda kika ce 'yan ƙwallo na haska wa tsokarsu kafin su miƙe jiki, don ta saki. Da yake gidana aka kawo ta, nan ya bar ta. Kullum kafin la'asar sai ya taso daga gidan kakarsa ta wajen uba a Tukur-Tukur, ya kwanta a tabarmata, ya haska cinyoyinsa minti ashirin, yana tsokanata wai in miƙo tawa ƙafar, ko a ɗauke ni mai tsaron gida. Ni kuma in ce masa ko yanzu sai in kayar da shi. Sailuba, tun rasuwar mahaifiyarki ba a yi dariya a ɗakin nan ba sai a wata huɗun nan. Har gyaɗa nake sayowa in ajiye.

Sai aka kira shi gwaji a wata ƙungiyar ƙwallo a Kaduna, mako uku, ya ce zai tafi da fitilar. Zuciyata ta raya mini cewa in ta fita daga gidan nan ba za ta dawo ba, shi ma haka. Kin san shekara talatin na yi ina aikin lantarki. Da safe na kwance filogin, na zare fis ɗin. Da ya zo ta ƙi kamawa, na ce masa wuta aka kawo da ƙarfi ta ƙone ta, amma zan gyara kafin ya dawo. Sai ya ce laifinsa ne, shi ya bar ta a jone. Har haƙuri ya ba ni. Ni kuwa, da furfurata, na ce masa ba komai.

Sauran kin sani. A mako na biyu tsokar bayan cinyarsa ta yage, aka sallamo shi. Na tambayi likitan da ke duba shi, ya ce ba wanda zai iya rantsewa fitila za ta hana wannan, ko masu amfani da ita suna jin rauni. Na so in fake da maganarsa, na kasa. Da na je gaishe shi, yaron nan yana kwance yana gaya wa abokansa cewa sakacinsa ne ya ja masa. Ban iya haɗa ido da shi ba, na ce ana jirana a gida. Wa ke jirana?

Saboda haka kada ki sayi wata, kamar yadda na ji kina shiri. Lafiyarta lau, na gyara. Ranar Juma'a bayan masallaci zan hau Keke Napep in kai masa da hannuna, in faɗa masa gaskiya a gaban kakarsa. Ina roƙonki kada ki riga ni. Ki yafe mini, amanarki ce na ci.

Ki gaida maigidanki Malam Zaharaddini, da Ihsan da Tayyiba. Gwaggonki Binta tana gaishe ki.

Abu na ƙarshe: in bayan Juma'a Umair ya daina zuwa gidan nan, kada ki yi masa faɗa, kada ki turo shi. In zai zo, ya zo don kansa.

Ni ne mahaifinki,
Malam Bala Umaru.