Tacewar da Na Yi Ta Goge Amsoshin Baba

Anti, don Allah ki taimaka mini. Abin nan ya hana ni sakat, kuma ko a gida na kasa faɗa.

Ban daɗe da samun aiki ba a wani kamfani mai sayar da injinan ban-ruwa da gyaransu. Ni ce mai kula da kwamfuta. Aikin farko da manaja ya ba ni shi ne in tattara tsofaffin saƙonnin imel na kamfanin in tace su, yadda duk wanda ya rubuta kalma a akwatin bincike zai ga saƙon da yake nema. Imel kuwa, Anti, in kika leƙa cikinsa tarkace ne: adireshi, ado, sa hannu, ga tsohon saƙon da aka amsa yana biye a ƙasa kamar jela. Sai an zubar da su kafin a sami zallar magana. Sai na kafa wa kwamfuta doka: da ta ga layin da ke cewa wane ya rubuta kaza, ta yanke daga nan har ƙasa, tunda maimaici ne. Na gwada da saƙonnina da na sa'o'ina, ya fito tsaf. Har yabo na sha.

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, shi ke amsa koke-koken manoma. Teburinsa na kallon nawa. Kullum sai ya tsokane ni wai ina dukan madannan kwamfuta kamar sun yi mini laifi. Ashe shi Baba ba a sama yake amsa saƙo ba. Yakan bar maganar mai koke a sama, ya bi kowace tambaya ya amsa a ƙarƙashinta, don a wajensa rashin ladabi ne ka ɗora maganarka a kan ta wanda ya zo da kuka. Dokata ta yanke duk abin da ya taɓa rubutawa.

A taron ma'aikata, manaja ya ce wani babban manomi ya yi ƙorafin ba a kula shi. Sai manajan ya haska akwatin bincikena a bango, ya nemo sunan Baba. Saƙo bayan saƙo, duk fanko. Ya ce ashe shekara da shekaru iska Baba ke aika wa mutane. Wasu suka yi dariya. Baba ya ce shi dai ya san ya amsa, ya cire tabarau yana ta gogewa. A take na gane abin da ya faru, amma na ɓoye, don har yanzu a gwaji nake, ba a tabbatar da ni ba.

Yanzu an ce ƙarshen wata za a ɗauke Baba daga teburinsa a kai shi aikin sito. Jiya ya jawo kujera kusa da ni, ya ce, "'Yata, koya mini aika saƙon nan da kyau, da alama tsufa ya sa ina ɓata wa mutane." Na ce ina zuwa, na shige banɗaki na yi ta kuka.

Asalin saƙonnin suna nan ban taɓa su ba. Zan iya gyara dokar a ɓoye, amsoshinsa su dawo ba wanda ya sani. Hakan ya wadatar?

Ƙanwarki mai sunkuyar da kai

Ƙanwata,

Share hawayenki. Kuskuren aikin ƙarami ne, ƙwararru ma suna yinsa: kin gwada dokarki a kan masu rubutu irin naki kaɗai. Shi ma manaja da nasa laifin, don bai kamata a yanke wa mutum hukunci da akwatin bincike ba tare da an buɗe asalin saƙo ko ɗaya ba. Tsoron rasa aiki kuma ba abin raini ba ne, na fahimce ki.

Amma gyara a ɓoye bai wadatar ba. Amsoshin za su dawo cikin kwamfuta, manaja kuwa ba zai sake dubawa ba, ya riga ya gama magana. Baba zai tafi sito yana zargin kansa.

Ki fara da aikin. Ki sa kwamfuta ta cire layukan da aka kwafo daga tsohon saƙo kawai, ta bar duk abin da aka rubuta a tsakaninsu ko a ƙasansu. Ki gwada da saƙonnin kowane ma'aikaci, babba da yaro, ki karanta da idonki. Ki sa ta riƙa yi miki ishara duk lokacin da saƙo ya fito fanko bayan tacewa.

Daga nan ki sami Baba, shi ya fi cancanta ya fara ji. Sannan ki je wa manaja da amsar da Baba ya ba manomin nan, asalinta da yadda dokarki ta mai da ita. Ki faɗi laifinki a taƙaice, ki nuna gyaran, ki roƙi a wanke Baba a ɗakin da aka yi masa dariya, a gaban waɗanda suka yi ta.

Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba. Shugaba mai hankali yakan riƙe wanda ya kawo kuskurensa da maganinsa, amma ba kowa ke da wannan hankalin ba. Ko ma yaya ta kaya, kar ki bari wata ya ƙare. Dattijon nan ya roƙe ki ki koya masa aika saƙo. Ki je ki gaya masa babu abin da zai koya, tun farko daidai yake yi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa albarka a aikinki.

Antinki