Gonarka da Dawar Kawu

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raya mana yaran. Mu nan kowa lafiya. Inna ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma yi mana faɗa a kan gishiri. Kawu ne dai gwiwoyinsa suka ƙi, yanzu daga ɗaki sai bakin ƙofa.

Saƙonka ya iso, na karanta shi sau biyu. Ka ce in ba masu yin jan bulo gonarka su kwashi ƙasa, tunda a ganinka ƙasa mai jama'a kamar tamu ba za ta taɓa noma abin da zai ishe ta ba, jiragen ruwa ne za su ci gaba da ciyar da mu. Ban ce ka yi ƙarya ba, Auta. Ka san shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a ɗan ɗakin sikeli na kamfanin fulawa, ina auna manyan motocin da ke shigowa da alkamar waje, na fi ka sanin yawanta. Amma akwai abin da ba ka gani ba. A watan jiya jirgi ya yi jinkirin mako uku. Injina suka yi shiru, sikeli ya yi ƙura, masu gidajen burodi suka cika bakin ƙofa tun da safe suna leƙen tagata kamar ni na ɓoye alkamar. Ranar na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Da na ba Kawu labari, sai ya sa aka sauko masa da damin dawar nan da ke rataye a saman madafa, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ita ce gajeriyar dawar da yake zaɓar zangarniyarta da hannunsa duk kaka lokacin da yake iya noma, wadda ke nuna ko da ruwa ya ɗauke da wuri. Maƙwabta duk sun koma sabon irin da ake saya. Yana bayarwa sosai, ban raina shi ba, sai dai ba a ajiye shi a sake shukawa. Dawar Kawu kuwa wannan damin ne ya rage, damina biyu ba a shuka shi ba. Na jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma, tara kawai suka tsira. Malamin gona ya ce in aka ƙara shekara ɗaya, sai dai a ba kaji.

Na tambayi Kawu ko yana ganin ƙasar nan za ta iya ciyar da kanta. Ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa auna ƙasa ba, gona ɗaya ya sani, ita kuwa ba ta taɓa barin mu da yunwa ba. Ni ma ban san amsar ba. Abin da na sani, tawa gonar gari ya cinye ta, taka ce ta rage, kuma in aka kwashe ƙasar sama, rami za a bar mana. Mijina ya ce shi zai yi noman, ya shuka dawar Kawu a gonarka, in ka yarda.

Masu bulo za su dawo ranar Asabar da motar haƙa. Gonarka ce, ba zan yi maka dole ba. In ka ce a ba su, za a ba su. Amma ka kira Kawu ka gaya masa da bakinka, don ni ba zan iya ba.

Ka gaishe min da Amarya da Ƙaramin Likita da 'yar lelena Gajera. Inna da Goggo da Dogo duk suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka mai jiran amsa,
Babbar Yaya