Ni na tsallake birekar injin Kawu, jibi za a sake kunna shi

Assalamu alaikum Anti, da dukkan masu karanta wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin zagin da nake yi wa kaina kwana tara ke nan ya ishe ni.

Ni mai gyaran wuta ne a Hunkuyi. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, yana da injin niƙa na lantarki a bakin kasuwa, ni ke duba masa wayoyi. Mai aiki a kan injin wani dattijo ne, mu ce Malam Ilu. Kullum da safe mata na kawo jiƙon gero na koko, ana niƙa ana zuba ruwa, ƙasan rumfar jagab. Watan jiya bireka ta fara faɗuwa, wato abin nan da ke yanke wuta da kansa idan ta fara bin inda bai kamata ba. A kunna ta faɗi, a kunna ta faɗi. Ga shi ranar kasuwa, har matan Likoro sun jera bokitai. Kawu ya kira ni yana huci: “Kai wane irin mai gyara ne? Mutane na tsaye kana ta shafa waya!” Na ɗora testa a jikin injin, ta kawo ja. Wallahi na gani da idona. Na san kwayil, wato wayar da ke naɗe a cikin injin, ya fara ci, sai an kwance an kai Zariya, aƙalla kwana huɗu. Amma wa ya isa ya faɗa wa Kawu haka yana cikin wannan fushin? Sai na tsallake birekar na haɗa wayoyin kai tsaye, na rufe akwatin, na ce a raina gobe zan dawo in yi abin da ya dace. Goben da ban koma ba ke nan.

Ran nan Malam Ilu ya yi alwalar azahar, ya shigo ƙafa jiƙe ba takalmi, ya dafa injin. Wuta ta riƙe shi ƙam. Allah ya sa wata mata ta yi dabarar buge hannunsa da muciya. Ya rayu, amma tafinsa ya ƙone, hannun dama har yau ba ya ɗaguwa. A asibiti ma'aikacin ya ce wannan jan wuta ne. Kawu ya juyo gare ni a gaban 'ya'yan Malam Ilu ya ce, “Kai ka duba wutar nan ko?” Sai na ji kaina ina cewa, “Na duba Kawu, lafiya lau take.” Shi ke nan Kawu ya ce ai ɗansa ba ya ƙarya. Da yake akwai tsohuwar tsamiya a bayan rumfar, kafin la'asar gari ya ɗauka iska ce ta buge shi. Kawu ya garƙame rumfar ya jefa makulli a aljihu, daga baya ya kira malamai ya buɗe musu suka yi karatu, aka yayyafa ruwan addu'a har a kan injin. Ruwa fa, a kan injin da na san abin da ke cikinsa! Ina tsaye ina cewa amin.

Da na je duba Malam Ilu hawaye ya ƙwace mini. Ya ce, “Haba ɗana, daina kuka, kai me ka yi? Ka dai sa ni a addu'a.” Anti, da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu jibi za a buɗe. Mata sun tsorata da rumfar, shi ne Innata ta ce wa Kawu, “Yaya, ni zan fara kai nawa, in suka gan ni tsoron zai fita.” Kuma na san yadda take yi, da hannunta take tura jiƙo a bakin injin. Na roƙi Kawu makulli in sake dubawa, ya ce, “Me za ka duba? Ba kai ka ce lafiya ba?” Ko na samu na mayar da birekar a ɓoye, faɗuwa za ta yi a gaban kowa, a tambaye ni ya aka yi ta daina a baya. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli Kawu da ya tsaya mini a gaban mutane? 'Ya'yan Malam Ilu za su ƙyale ni? Wa zai sake ba ni ko ƙwan fitila in sa masa? Tsoro nake ji.

Na san ba zan bari ta taɓa injin nan ba, amma sau uku ina zuwa ƙofar Kawu ina juyowa. Ɗazu na shiga gida na tarar Inna ta riga ta jiƙa geronta, bokitin na nan ajiye a tsakar gida. Jama'a, me zan yi?