Ƙorafi a Kan Mudi Bakanike da Ƙafa Huɗun da Ya Yi wa Motata

Maiwada Abdulsalami,
Direban Janwe,
Barkin Sale, Minna.
14 ga Satumba, 1987.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Kanikawa,
Reshen Tunga, Minna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƁARNAR AIKI DA ƁATA MINI SUNA DA MUDI YA YI

Bayan gaisuwa da girmamawa. Duk wanda ka tambaya a Tunga zai ce maka Mudi, ɗan ƙungiyarka, gwani ne, wai ko amalanke ka kai masa zai mayar da ita jif. Ni mai sauraro ne, ba mai yawan magana ba. Na saurara, na yarda. Ga abin da ya biyo baya:

1. Ranar 2 ga Yuni na kai masa tsohuwar bas ɗina domin ya mayar da ita mai ja da ƙafa huɗu, saboda fito da motocin doya daga taɓo da damina. Ya ciro aksul na gaba, wato ƙarfen da ke juya ƙafafun mota, daga wani mushen jif ya ɗaura, ya rantse mini cewa ya dace.

2. Ranar 19 ga Agusta ina jan motar doyar Malam Jiya a bayan Bosso, sai motata ta fara gurnani, ƙafafun gaba na gudu, na baya na turjewa. Farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu, ta karye. Motar da na je ceto ta koma cikin rafi da doyarta, manoma suna kallona.

3. Wannan duk zan iya haɗiye shi, ƙarfe ne. Amma washegari Mudi ya zo tasha, gaban direbobi, ya ce laifina ne, wai na bar ta a ƙafa huɗu a kan kwalta, wai wanda ya koyi baƙi a ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu ba zai gane rubutun jikin giyar mota ba. Aka yi ta dariya. Ranka ya daɗe, a ajin nan na koyi rubuta wannan takarda da hannuna, kuma babu kwalta a inda abin ya faru.

4. Malam Munzali bakanike ya kwance motar a gaban shaidu. Ya tarar haƙoran aksul na gaba da na baya ba jinsi ɗaya ba ne, tun daga gareji suke faɗa da juna.

5. Tun ranar da Mudi ya tozarta ni a tasha ba wanda ya sake kirana aiki. Yaran tasha ma “Ƙafa Huɗu” suke ce mini idan na wuce.

6. Da Mudi ya ji sakamakon binciken Malam Munzali, sai ya aiko maƙwabcinsa Gimba gidana da goro, wai a yi haƙuri, a bar maganar. Na mayar da goron.

Saboda haka ina roƙon mai girma Shugaba ya sa a cire wannan aksul daga jikin motata, kuma kada hannun Mudi ya sake taɓa ta. Sannan a kawo shi tashar da ya tozarta ni, ranar kasuwa, ya tsaya inda ya tsaya, ya ce shi ya ɓata aikin, ya ba ni haƙuri da bakinsa, da muryar da ya zage ni da ita, yadda na bayan layi ma zai ji.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Maiwada Abdulsalami.