Ƙullin Baba

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ciwon ƙafarki? Ya Auta da makaranta? Ni lafiya lau nake a gidan Goggo. Na fara sabawa da shagon wanki, hannuna ma ya rage tsagewa.

Inna, akwai abin da na ɓoye miki. Jar fitilar bayan kekena, wadda Baba ya ɗaure mini da robar taya sati guda kafin rasuwarsa, ta faɗi ranar Talata. Na shiga rami ina dawowa daga aiki bayan magariba, ban san ta faɗi ba sai da mota ta kusa kwashe ni ta baya. Gwiwata ce kawai ta ɗan kurje. Da safe na koma, na tarar an take ta.

Mai gyaran keke ya ɗaura mini sabuwa da noti biyu, ya girgiza ta, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce, "'Yata, roba ai rana ke cinye ta. Bari in yanke wannan guntun." Na dai ɗora hannuna a kan ƙullin. Ya dube ni, ya mayar da wuƙarsa.

Ƙullin Baba yana nan ƙarƙashin sirdi. Don Allah kada ki ce in daina hawa.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki