Rabi Ta Tuɓe Takalmi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Ya jiki, ya zaman Abijan? Mu nan Sabon Gari lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ɗiyarka Rabi ta fidda mu kunya! A gasar makarantun Maraɗi ita ta ci wa ajinsu ƙwallon hannu, a gudu kuma ta zo ta ɗaya. Da aka zo dogon tsalle, sau biyu takalman da ka aiko suna kayar da ita. A karo na uku sai ta tuɓe su ta miƙo mini, ta sheƙa da gudu, ta tashi kamar yadda take tsallake hanyar ruwa a gonarmu ta Jiratawa. Wallahi har 'yan Tibiri da ta doke sai da suka tafa mata. Inna mai cewa wannan ba aikin mace ba ne, ita ta fara guɗa.

Malaminsu na son kai ta gasa Yamai, amma ta ce sai da izininka. Kullum sai ta tambaye ni ko ka amsa.

A sa mu a addu'a. Inna na gaishe ka, ta ce ka yi tunani da kyau, don ita da ta haife ka ta riga ta yarda.

Ƙanwarka,
Zuwaira