Wayar da Baban Laraba Ya Sa a Madadin Fiyus

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Lyon. Yaya jiki, yaya ƙafar nan taki? Yaya Baba da mutanen gida? Mu lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Ɗanki, Baban Laraba, ya fara dafa burkutu a ɗakin girkinmu, wai zai kai bikin ’yan garinmu a Paris. Nan ba murhu, don haka ya sayi tukunyar lantarki, ya haɗa akwatin daidaita zafi da hannunsa. Duk lokacin da dawa ta fara tafasa, sai fiyus ɗin akwatin, wato ’yar wayar nan mai katse wuta in ta yi yawa, ya ƙone. Da ya gaji da sauyawa, sai ya murɗa wayar jan ƙarfe ya cusa a gurbinsa, kamar yadda ake yi a gida.

Na ce masa, “Fiyus yana ƙonewa ne don kada gida ya ƙone.” Ya yi dariya ya ce, “Ke dai tsoro ya yi miki yawa.”

Jiya na ji warin roba, na ga soket ɗin bango ya yi baƙi. A hawa na tara muke, Mama, kuma gadon Laraba yana bayan wannan bangon. Na roƙe shi har na gaji. Ke kika koya masa dahuwar nan, don Allah ki kira shi, ko zai ji maganarki.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu’a. Ni dai na janye gadon daga jikin bango, iyakar ƙarfina ke nan.

Surukarki,
Saratu